Koken Direbobin Kudancin Kaduna Kan Makaman da Ake Ɓoyewa Cikin Saƙo

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kaduna,
Sanata Uba Sani,
Gidan Gwamnati na Sir Kashim Ibrahim, Kaduna.

Ranka ya daɗe,

Mu direbobin motocin haya da 'yan kamasho da yaran mota da ke neman abinci a tashoshin Kafanchan, Kagoro, Zonkwa da Kwoi, Musulminmu da Kiristanmu, mun kawo kukanmu gabanka a kan wata masifa da ke bin mu cikin kayan da muke ɗauka.

Mai Girma ya sani, tun da jirgin ƙasa ya daina kai-komo yadda aka saba a Kafanchan, garin da mahaɗar dogo ta raya tun 1927, ɗaukar kayan jama'a ya dawo wuyanmu. Mu ne gidan wayar talaka. Uwa ta ba mu ƙullin acca mu kai wa ɗanta a Zariya, ɗan kasuwa ya ba mu buhunan citta zuwa Kaduna, wani ya miƙo kwali a naɗe da lambar waya a jiki, ya ce a kai Jos ko Akwanga. Kuɗin saƙon nan shi ke cike mana balas, musamman tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, fasinja ya yi ƙaranci. A daminar 2023 ɗin kuma cuta ta cinye gonakin citta a Kachia, Jaba, Kagarko da Jama'a, lodin da muke dogaro da shi ya karye.

Ta wannan ƙofa miyagu suka shigo mana. Sukan kwance bindiga gunduwa-gunduwa su cusa a tsakiyar buhun masara, ko su zuba harsasai cikin jarkar manja, su biya kuɗin saƙo ba ciniki, su juya. A watan Satumban 2023 sojojin rundunar Operation Safe Haven suka bankaɗo wata maƙerar bindigogi a cikin Kafanchan. Mun gode wa Allah da wannan aiki, amma hankalinmu ya tashi, domin mun san abin da aka ƙera a nan ba ya kai kansa hannun mai saye. Mota ke kai shi, motar kuwa tamu ce.

Idan aka farke buhu a shingen bincike aka ga ƙarfe, direba ake fara ɗaurewa. Wanda ya aiko ya kashe wayarsa, wanda zai karɓa ya yi layar zana. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Doka ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ga wanda aka samu da haramtacciyar bindiga, ba mu kuma ja da dokar. Abin da ke ci mana rai shi ne ba mu da littafi ko rasit da zai nuna waye mai kayan. A cikinmu akwai wanda ya yi watanni a tsare kafin gaskiyarsa ta fito. Iyalinsa suka sayar da gona suka biya lauya, 'ya'yansa suka bar makaranta. Motar da ya karɓa bashi tana ajiye a matsayin shaida, rana da ruwa suna dukanta har tayoyi suka ruɓe, mai motar kuwa bai daina zuwa neman kuɗinsa ba. Da aka sallame shi, ba wanda ya sake ba shi tuƙi, domin sunan ɗan safarar makamai ya riga ya bi shi.

Za a ce me ya hana mu buɗe kaya. Ranka ya daɗe, mun gwada. Mai gaskiya yakan ce mun ci masa mutunci, ya kwashe kayansa ya tare motar bakin titi wadda ba ta tambaya. Mugu kuwa yakan dube ka ya ce ya san gidanka. Wanda ya yi ƙarfin hali ya kai rahoto, kafin ya dawo tasha labari ya riga shi, sai ya daina kwana a ɗakinsa.

Bayan haka, mu ma 'yan wannan ƙasa ne. Mun ga rikicin Kafanchan na 1987, mun ga na Zangon Kataf a 1992. A Afrilun 2011 kasuwar Kafanchan ta ƙone muna kallo. A 2016, shekarar da al'ummominmu suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan, muka kwashi gawawwaki da masu gudun hijira daga Godogodo da Goska a cikin waɗannan motocin. Ba direban da ke son a wayi gari harsashin da ya ɗauko bai sani ba ya kashe ƙaninsa a gona.

Tun bayan gano maƙerar nan muke kai kuka ofisoshin da ke kusa da mu, da baki da kuma a rubuce. An karɓi takardunmu, an ce mu saurara. Mun koma a shekarar da ta biyo, aka ce maganar tana sama. Har yau ba amsa, kamun kuma bai tsaya ba.

Don haka muke roƙon Mai Girma ya ba da umarni kowace tasha a jihar nan ta ajiye littafin saƙo, a rubuta sunan mai aikawa da na mai karɓa, da lambar katin ɗan ƙasa da hoto, a kuma buɗe kaya a gaban mai shi kafin a ɗaure. Idan umarnin ya fito daga bakin gwamnati, ya hau kan kowa har masu lodi a bakin titi, ba wanda zai ƙara zargin direba da cin fuska. Muna roƙon ka yi mana magana da Cibiyar Taƙaita Yaɗuwar Ƙananan Makamai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2021, ta koya wa mutanenmu gane kayan da ake zargi, a sa na'urar binciken ƙarfe a manyan tashoshi, a ba mu hanyar kai rahoto da ba za ta fallasa mu ba. Muna kuma roƙon Kwamishinan Shari'a ya duba fayil ɗin 'yan'uwanmu da ke jiran shari'a; mai laifi a hukunta shi, wanda aka yaudara a sake shi a mayar masa da motarsa.

A shirye muke mu turo wakilai duk ranar da Mai Girma ya kira mu. Allah ya ja zamaninka, ya zaunar da Jihar Kaduna lafiya.

Mu ne masu biyayya,
Direbobi, 'yan kamasho da yaran mota na tashoshin Kafanchan, Kagoro, Zonkwa da Kwoi.