LAKWAL TA JUYA WA GARI BAYA

'Yan'uwa na rassan jam'iyya, ga magana ku ɗauka ku kai kasuwa.

Ku tsai da yaron lakwal a Gure, ku tambaye shi abin da ya karanta yau. Zai zubo muku Faransanci kamar aku. To, ku tambaye shi dalilin da rairayi ke cinye kwarin ubansa. Sai ya sunkuyar da kai. Laifin yaro ne? Ko kusa! Nasara ya gina makarantar nan don ya sami tafintoci da malaman ofis. Muka karɓe ta a 1960, muka rungume kamar gadon kaka.

Ƙasar Muniyo ta rasa abin koyarwa ne? Ga kwaruruka da dabino da goruba da kanwa. Mai lambu a kwari ya san kamu nawa zai haƙa ya tadda ruwa, ya san shekarar da ruwan ya ja baya. Masu kafa shingen kalimbo a kan tudun rairayi sun san inda iska ke fitowa da tazarar da za su bari tsakanin shinge da shinge. Falke ya san abin da buhun kanwa zai ci kafin ya isa Damagaram. In wannan ba lissafi ba ne, mene ne lissafi? Amma mutanen nan ba sa tsallake ƙofar aji sai in an kira su biyan kuɗi. Ba mu zargin mushe. Shi ma turo shi aka yi, da littafin da babu sunan Gure a ciki.

Masu manyan kujeru za su ce mu yi haƙuri, ana nazari. Nazarin me? Tun 1964 Abdu Mumuni ya rubuta littafi a kan ilmi a Afirka, ya ce a koyar da yaro da harshen uwarsa, a haɗa karatu da aikin hannu. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa a Damagaram. Dokar ilmi ta 1998 ta yarda da harsunanmu cikin aji. A 2025 aka mai da Hausa harshen ƙasa. Takarda bisa takarda! Kuma kada wani ya fake da wannan ya danne Barbarci, don ɗan Manga ma da bakin uwarsa zai fi ganewa.

Saboda haka kowane reshe ya zauna kafin kasuwa mai zuwa. Ku fid da mutum uku, mai lambu da makiyayi da mace mai sana'a, su je wurin shugaban makaranta. Su roƙi wuni ɗaya a wata da za a fita da yara kwari da igiyar awo da allo, su auna inda rairayi ya kai, su rubuta. Wanda ya yarda, ku gode masa a bainar jama'a. Wanda ya ƙi, ku aiko mana da dalilin da ya bayar, mu buga.