Ƙwallon jami'o'in Amurka: gardama kan motsi kafin a soma wasa

A ƙwallon Amurka, wanda ake ruga da ƙwallo a hannu, doka ta yarda ɗan wasa ɗaya tak na masu kai hari ya kasance cikin motsi lokacin da ake miƙa ƙwallo, muddin bai nufi gaba ba. Kan wannan ƴar dama ce masu horar da ƙungiyoyin jami'o'i ke ta gardama.

Masu goyon baya na cewa motsin tambaya ce ga masu tsaron gida: in wani ya bi mai gudun, tsaron mutum-da-mutum suke yi, in kowa ya tsaya, yanki suke tsarewa. A wasan ƙarshe na 20 ga Janairun 2025, Jeremiah Smith na Ohio State ya yi kamar zai zagaya, ya juyo, ya karɓi ƙwallo ba kowa kusa da shi. Sun doke Notre Dame da ci 34 da 23.

Masu suka na da hujja. Sa'o'i 20 kacal doka ta ba ɗalibai na atisaye a mako, ga ƴan wasa na sauya jami'a kowace shekara. Dabara in ta yi yawa, kuskure da hukunci take jawowa.

Sai dai tun 2024 ana magana da ɗan wasa ta rediyon hular kwano, a katse idan saura daƙiƙa 15. Motsin da ya zo bayan nan, mai horar da masu tsaro ba ya da bakin gyara shi. A ganina, wannan ya ba masu motsi rinjaye.