Kan Sarki: Tarihin Da Muke Zubarwa Da Shara

Matashin da ya taso da waya a hannu zai yi wuya ya san dalilin da ya sa ake ce wa 'yar takardar da ake liƙa wa wasiƙa "kan sarki". Sunan ya samo asali ne daga hoton da ke jikinta. A 1840 Ingila ta fitar da kan sarki na farko a duniya, Penny Black, ɗauke da kan Sarauniya Victoria, kuma ba a daɗe ba mutane suka fara tara su don sha'awa. Arewacin Nijeriya ya samu nasa a 1900, shi ma da kan Victoria. Bayan haɗewar 1914 sai aka koma buga na ƙasa ɗaya da kan Sarki George na Biyar.

Daga baya kan sarki ya fara ba da labarinmu. Jerin da aka fitar a 1953 akwai na gyaɗa, da na mahayan Borno, da na gadar Jebba, da na fatu da ƙiraga. Dalar gyaɗar Kano ta ɓace, amma sana'ar da ta gina ta tana nan a 'yar takardar da ba ta wuce girman babban yatsa ba.

A unguwanni irin su Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, inda ma'aikata da malamai da dama suka zauna, akwatin gidan waya ya kasance adireshin mutum. Ta nan wasiƙar ɗan da ke karatu a Misira ko Ingila ke isowa, ta nan ake aika gaisuwa zuwa Sashen Hausa na BBC. Yau idan dattijo ya rasu, ko za a yi ƙaura, waɗannan ambulan su ne farkon abin da ake ƙonawa, in gara ba ta riga ta cinye su ba.

Ba muna cewa kowane kan sarki dukiya ba ne. An sayar da wani na ƙasar Guyana kan kusan dala miliyan 9.5 a 2014, amma yawancin namu darajarsu ta tarihi ce. Hatimin da ke kan ambulan yana nuna gari da ranar da aka aika wasiƙa, hujjar da manazarci ke nema ido rufe. Saboda haka kada a ɓamɓare kan sarki daga ambulansa, a adana su tare, nesa da laima.

Ya kamata hukumar NIPOST da gidajen tarihi irin su Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa su riƙa shirya baje koli duk ranar 9 ga Oktoba, Ranar Gidan Waya ta Duniya, su gayyato 'yan makaranta, su kuma buɗe ƙofar karɓar tsofaffin wasiƙu daga iyalai. Kafin nan, mai karatu ya duba tsohuwar adakar gidansu tun ba a kai ta bola ba.