Jitar Robert Johnson da Kuntigin Ɗan Maraya

A ƙasar Amurka an yi wani mawaƙi baƙar fata mai suna Robert Johnson, mutumin jihar Misisifi, gwanin kiɗan da suke kira bulus. Waƙoƙi 29 kaɗai aka ɗauka nasa a faifai, cikin 1936 da 1937, ya rasu a 1938 yana da shekara 27. Ko jitarsa ɗaya ba a adana ba. Saboda haka masana suka koma duban hotunansa, suna gardama. A wani hoto yana riƙe da jita ƙirar Gibson, samfurin L-1. A wani kuwa suka ce mai araha ce da ake kira Kalamazoo. Waɗansu ma suka ce ta farkon aro ya yi don ɗaukar hoto. Duk wannan wahala, don ba wanda ya zauna da shi da takarda da fensir yana da rai.

To, 'yan'uwana malamai, mu fa? Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos ya rasu a 2015. Kayan aikinsa kuntigi ne: gwangwanin kifi, a rufe shi da fatar akuya, a sa sanda da tsirkiya ɗaya tak. Da wannan ɗan abu ya yi "Waƙar Karen Mota" da "Jawabin Aure", har ƙasashen waje suka san shi. Amma tara yaran Ɗan Iya ka ce su zana maka kuntigi, ko gurmi irin na Haruna Uji, ko kukuma irin ta Hassan Wayam, ka ga nawa za su iya. Jita kuwa ko ɗan aji ɗaya ya san siffarta.

Na san wani zai ce kiɗa sana'ar maroƙa ce, ba ta dace da malami ba. Ai ba cewa aka yi a mai da yara maroƙa ba. Mai koyar da tarihin Bauchi yakan ba da labarin yaƙe-yaƙen Sarki Yakubu, ba ya zama mayaƙi.

Abin da nake so shi ne, duk ɗalibin da aka tura koyon koyarwa ya nemi makaɗi ɗaya a unguwar, ya je ya gaishe shi da ladabi. Ya auna tsawon sandar da ma'auni, ya tambayi irin fatar, da wanda ya haɗa abin, da wurin wanda aka koyi kiɗan, da yadda ake ɗaure tsirkiya in damina ta sa fata ta saki. Wannan na ƙarshe shi ne ba hoton da zai gaya maka. Sai ya rubuta, ya zana, a ajiye a laburaren kwaleji. A darasin aikin hannu kuma yara su haɗa nasu kuntigin; gwangwani dai ba ya wuya a kasuwar Wunti.