Chadi: Me ya sa alƙaluman rashin aikin yi ba sa ganin matasan Atrone?

Ƙiyasin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na nuna cewa rashin aikin yi a Chadi bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba, ƙasa da na Faransa nesa ba kusa ba. Sai dai duk wanda ya ratsa unguwar Atrone da ke gunduma ta 7 a N'Djamena, ya ga masu digiri a kan baburan kabu-kabu da ake kira kilando, ya san akwai lauje cikin naɗi.

Matsalar tana cikin yadda ake ƙirgen. A ƙa'idar ƙungiyar, wanda ya yi aikin samun kuɗi ko da na awa guda a mako ana sa shi cikin masu aiki. Sannan Chadi ba ta biyan alawus ga wanda ya rasa aiki. Asusun CNPS na kula da fansho da haɗarin wurin aiki da tallafin iyali ne, ita kuwa hukumar ONAPE rajistar masu neman aiki take yi, ta ba da horo da ƙananan rance. Tun da zaman gida ba ya kawo ko sisi, dole kowa ya fita neman na tuwo, kuma da ya fita ya ɓace daga lissafin marasa aiki.

A da, gwamnati ce babbar mai ɗaukar masu ilimi. Faɗuwar farashin man fetur ta sa aka tsuke bakin aljihu a 2016, aka dakatar da ɗaukar ma'aikata. Marigayi Shugaba Idriss Déby ya yi alƙawarin ɗaukar matasa dubu 20 a 2020, amma ƙungiyoyin masu jiran aiki sun ci gaba da zanga-zanga shekaru bayan haka.

A gaɓar Tafkin Chadi lamarin ya fi muni. Tafkin da ya kai kusan murabba'in kilomita dubu 25 a shekarun 1960 ya ja da baya matuƙa, kuma tun 2015 hare-haren Boko Haram suka raba masunta da tsibiransu, suka gurgunta cinikin bandar kifi zuwa Baga da Maiduguri. Masuncin Bol ko Baga Sola da ya bar kwalekwalensa ba shi da ofishin da zai je ya ce aikinsa ya ƙare.

Wannan ya sa ake yawan kwaɗaita wa matasa aiki daga gida ta intanet, irin su fassara tsakanin Faransanci da Larabci, zane da rubuta manhaja. A Kenya da Najeriya wasu na cin abinci da shi. A Chadi kuwa, alƙaluman Bankin Duniya na nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin goma ne ke da wutar lantarki. Ƙasar ba ta da teku, don haka wayoyin intanet ɗinta ta Kamaru suke biyowa, sai kuma ta Sudan da ke cikin yaƙi tun 2023. A watan Oktoban 2024, ambaliya a Kamaru ta katse sadarwar Chadi. Gwamnati ma ta toshe shafukan sada zumunta daga Maris na 2018 zuwa Yulin 2019. Kamfanin waje ba zai damƙa aikinsa ga wanda layinsa ke ɗaukewa ba gaira ba dalili.

An ba Starlink lasisi a Nuwamban 2024, amma kuɗin na'urarsa ya zarce mafi ƙarancin albashi na sefa dubu 60.

Abin da zai amfani matashin Atrone a yanzu shi ne cibiyar aiki ta unguwa mai wutar rana da layi mai ƙarko, da hanyar karɓar kuɗinsa daga waje cikin sauƙi. Kafin nan kuma, ƙasar na buƙatar ƙirgen da zai nuna mutum nawa ne aikinsu ba ya ciyar da su, domin gwamnati ba za ta ware kuɗi ga matsalar da takardunta suka ce babu ita ba.