Layi ɗaya na kuskure, shafi guda na ƙorafi

Ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, ko a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, idan karatu ya kai shi ga harshen C++, akwai takaicin da ke jiran sa. Zai rubuta layi guda, ya umarci std::sort ta jera lambobin da ke cikin std::list. Sai kwamfaila, wato manhajar da ke mayar da rubutunsa abin da na'ura ke ganewa, ta amayo masa dogon ƙorafi da Turanci, cike da sunayen fayilolin da bai taɓa buɗewa ba, tana kukan wai ta rasa alamar ɗebewa.

Alhali laifin ƙarami ne. Jerin list tamkar carbi yake: kafin a kai tsaba ta 30, sai an bi waɗanda ke gabanta ɗaya bayan ɗaya. Ita kuwa sort tana buƙatar jerin da za ta iya tsallakawa ko'ina cikinsa kai tsaye. An gina ta ne a matsayin tamfulet, mazubi ɗaya mai karɓar kowane irin kaya, kuma ba a gane kayan bai dace ba sai an zuba shi ya kai can ƙasa. Daga can ƙasan kwamfaila ke kawo rahoto.

Masu harshen sun daɗe da sanin wannan ciwo. Bjarne Stroustrup da abokan aikinsa sun nemi a ba tamfulet damar faɗin sharuɗɗanta tun daga bakin ƙofa, amma kwamitin daidaita harshen ya cire shawarar a 2009. Sai a C++20 ta shigo. Yanzu std::ranges::sort tana ƙin list nan take, ta ambaci sharaɗin da ya gaza, ko da yake har yau da surutu mai yawa.

Wannan surutu ba ƙaddara ba ne. Harsunan Elm a 2015 da Rust a 2016 sun sake fasalin saƙonninsu domin mutum ya karanta ya gane. Ya wajaba masu GCC da Clang su fara da layin da ɗalibi ya rubuta da sharaɗin da ya karya, sauran bayani ya jira mai nema.

Malaman Kabi ma da nasu rabon. GCC ta 10, wadda ta fito a 2020, tana ɗauke da waɗannan sharuɗɗa, kuma kyauta ce. Ɗalibin da ke karatu da harshe na biyu, ga tsadar data, ga wutar da ba ta da tabbas, bai cancanci a bar shi da tsohuwar kwamfaila yana zaton kansa ne ba ya ja ba.