Tarihin da garma ke shafewa a karkarar Kano

A birnin Rum na ƙasar Italiya akwai wata hasumiyar dutse mai tsawon kusan mita 30, da aka kammala a shekarar 113 Miladiyya domin Sarki Tarajan. An sassaƙa yaƙe-yaƙensa a jikinta daga ƙasa har sama, aka kuma ajiye tokar gawarsa a gindinta. Sarakunan Rumawa sun buga fuskokinsu a jikin kuɗi, sun kafa mutum-mutuminsu a dandali. Hatta wani mai gidan burodi, Yurisasis, ya sa an zana yadda ake kwaɓa fulawa da gasa burodi a jikin kabarinsa. Shekara kusan 2,000 ke nan, duk suna nan ana karanta tarihi a jikinsu.

Ƙasar Hausa ba ta bi wannan hanya ba. Musulunci ya hana sassaƙa gumaka da ƙawata kaburbura, sannan da laka aka saba gini, wadda ko wace damina sai ta ci rabonta. Shi ya sa kirari da tambari da rubutun malamai suka riƙe sunayen sarakuna. Amma hakan ba ya nufin magabata ba su bar komai a ƙasa ba. Sun bar ganuwa da kufai da rijiyoyin marina da tuddan da aka binne manyan mutane a ƙarƙashinsu.

Durɓi Takusheyi, a Ƙaramar Hukumar Mani ta Jihar Katsina, ya isa misali. A 1907 Baturen mulki Palmer ya tona wasu daga cikin tuddan wurin, aka sake tono a 1992. An samu kayan ado na zinare da tagulla, da wuri, da duwatsun wuya, da tasar ƙarfe da ta fito daga Gabas ta Tsakiya, shaidar cewa tun ɗaruruwan shekaru yankin yana ciniki da nesa. Wani abin lura shi ne, gidan tarihin da ya gyara kayan yana birnin Mainz na Jamus, kuma an kafa shi ne domin binciken zamanin Rumawa da Jamusawan dā. Da an baje waɗannan tuddai an shuka gero, da babu wanda zai san wannan labari.

Wannan shi ne haɗarin da ke fuskantar arewacin Jihar Kano. A yankunan Dambatta da Bichi da Makoɗa da Minjibir da Dawakin Tofa, gona na manne da gona, kuma duk rabon gado sai filin ya ƙara tsukewa. Manomin da ke da 'ya'ya goma ba zai bar tudu ya ci masa kunya biyar ba. Masu buga bulo suna kwasar ƙasar tsofaffin gine-gine, ana cike rijiyoyin rini da shara. Idan ganuwar birnin Kano, da aka fara ginawa tun zamanin Sarki Gijimasu kuma take gaban idon hukuma, ta zaizaye haka, ina ga kufan da ke bayan ƙauye?

Wasu za su ce kula da irin waɗannan wurare ƙofa ce ta camfi. Tsoron yana da tushe, amma maganinsa ilimi ne. Auna tudu da rubuta tarihinsa daban, neman tabarruki a wurin daban. Wasu kuma za su ce mai jin yunwa ba ruwansa da tarihi. Gaskiya ne, shi ya sa bai kamata a ɗora wa manomi nauyin shi kaɗai ba.

Aikin farko shi ne ƙidaya. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa wadda dokar 1979 ta kafa, da malaman Jami'ar Bayero, su haɗa kai da hakimai da dagatai da masu unguwanni a bi gari-gari a rubuta abin da ya rage, a ɗauki hoto, a naɗi bayanin dattawa tun suna raye. Wurin da aka ga ya cancanci killacewa, a biya mai gona diyya ta gaskiya. Wanda garmarsa ta tono tsohon abu ya san inda zai kai shi, a Gidan Makama ko wajen dagaci, ba tare da fargabar kamu ba. In ba haka ba, dillalan kayan tarihi ne za su riga hukuma zuwa.

Kabarin Sarki Agustus ya yi shekaru a yashe, amma da yake dutse da gasasshen bulo ne, ya jira har aka gyara shi aka buɗe a 2021. Laka ba ta da wannan haƙurin. Abin da aka yi sakaci da shi bana, baɗi sai dai a tarar da dawa a wurin.